Babi na 4: Me Yake Jan Ruwan Haɗeja Zuwa Gabas?

Da wuya a sami yaron da ya tashi a Kaugama ko Auyo ko wani gari na bakin fadamar Haɗeja da bai taɓa tambaya ba, ko da a zuci ne: me ya sa ruwan kogi bai taɓa juyawa ya koma Kano ba? Amsar da manya suke ba shi ita ce gangara, kuma gaskiya suka faɗa. Kogin Kano da na Chalawa suna haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim, ya bazu a dausayin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya gamu da ruwan Jama'are a wajen Gashuwa, abin da ya rage ya nufi Tafkin Chadi. Kano ta ɗara bakin tafkin tudu da kimanin mita 200 kacal a tafiyar ɗaruruwan kilomita. Shi ya sa idan ruwan ya iso ƙasar Haɗeja ba ya gudu, sai dai ya yi ta lallaɓawa, kachala ta tare shi nan, ya fasa can ya kwanta a gonakin shinkafa, kamar yadda aka sha wahala a ambaliyar 2022. Amma yaro mai naci ba zai tsaya nan ba. Zai ce, to me ya sa komai yake neman gangara, kuma wa ya nuna wa ruwa inda ƙasa take?

Amsar da masana suka tsaya a kai tana da nauyin ji a karon farko: ruwa yana tafiya ne zuwa inda lokaci ya fi jinkiri. Wannan magana an auna ta da agogo, an sake aunawa, kuma ita ce dai idan ta kai matuƙa take haifar da abin da ake kira baƙin rami a sararin samaniya.

Abin da Newton ya bari a buɗe

A 1687 Isaac Newton na Ingila ya fito da bayanin da ya yi mulki sama da shekara 200. Ya ce duk abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma jan yana raguwa gwargwadon nisa. Ƙarfin da yake faɗo da mangwaro daga bishiya shi ne yake riƙe da wata a kan hanyarsa. Lissafin ya yi aiki ƙwarai, domin da shi aka nuna inda za a duba a ga duniyar Neptune a 1846, kuma shi ya ishi injiniyoyin da suka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Chalawa a 1992. Sai dai Newton bai faɗi yadda rana take kama duniya daga nisan kilomita miliyan 150 ba alhali babu igiya tsakaninsu, kuma shi kansa ya san bai faɗa ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan ɗaure kai. Idan aka kawar da iska, buhun shinkafa da ƙwayar shinkafa ɗaya da aka saki tare daga soro za su dira tare. A 1971 wani ɗan sama-jannatin Amurka, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda a gaban kyamara. A yi tunani a kan wannan da kyau. Da a ce ja ne irin wanda muka sani, ai da kowane abu ya amsa gwargwadon halinsa, mai nauyi daban, maras nauyi daban, ƙarfe daban, itace daban. Tunda kuwa kowa hanya ɗaya yake bi da sauri ɗaya, to hanyar ba ta abin da ke faɗuwa ba ce, ta wurin ce. Daga nan Albert Einstein ya kama bakin zaren, ya yi shekara 8 yana fama da shi, ya kammala a Nuwamban 1915.

Lokaci ba ɗaya ba ne a ko'ina

Einstein ya ce sarari da lokaci saƙa ɗaya ne, ba a taɓa ɗaya a bar ɗaya. Duk abu mai nauyi yana lanƙwasa wannan saƙa a kewayensa, kuma babban abin da lanƙwasar take yi a nan duniyarmu shi ne rage saurin lokaci. Kusa da ƙasa lokaci ya fi jinkiri, can sama ya fi sauri. Abin da aka sake shi ba tare da an tare shi ba yana bin hanya mafi miƙewa da saƙar ta ba shi, kuma wannan hanya tana karkata zuwa ɓangaren jinkiri. Karkatar ce muke gani mu ce abu ya faɗi. Idan aka yi lissafin da tudun mita 200 ɗin nan, agogon da ke Kano zai wuce na bakin Tafkin Chadi da abin da bai cika kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ba a shekara guda.

Mai karatu yana da haƙƙin ya ce wannan ya yi kaɗan, yaya za a yi bambancin da ba a ji ba a gani ya tura ruwan da ke rusa gidajen ƙasa? Amsar tana cikin girman sakan ɗaya. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, kuma a lissafin Einstein tsawon sakan ɗaya ke nan idan aka auna shi da ma'aunin tafiya. Dutsen da aka saki yana faɗuwa kusan mita 5 a sakan na farko. Wato a doguwar tafiya ta kilomita 300,000 da ya yi cikin lokaci, ya kauce da mita 5 kawai. Kaucewar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, daidai da ƙanƙantar bambancin agogunan. Mu ne take yi wa girma, domin mita 5 muke gani, ba ma ganin doguwar tafiyar.

Wani kuma zai ce ai agogo ne ya sami matsala, lokaci na nan yadda yake. Wannan ƙalubale ne mai ma'ana, kuma hanyar warware shi ita ce a gwada agoguna iri-iri. Da a ce matsala ce ta na'ura, da kowace na'ura ta kauce da nata gwargwadon. A 1971 an ɗora agogunan ƙwayar zarra a jiragen sama na fasinja aka zagaya duniya da su, suka dawo da saɓanin da lissafi ya faɗa. A 2010 masana a Amurka suka ɗaga wani agogo da santimita 33 sama da ɗan'uwansa, suka ga ya ƙara sauri. A 2022 wata tawaga a jihar Kolorado ta auna bambancin a tudun milimita ɗaya, da agogo mai wata irin ƙwayar zarra daban. Agoguna mabambanta, a shekaru mabambanta, duk sun kauce daidai yadda aka lissafa tun kafin a gwada. Idan duk abin da ke ƙirga lokaci ya yi jinkiri tare, har da bugun zuciya da tsufan jiki, babu sauran wani lokaci na daban da ya rage a ce shi bai yi jinkiri ba.

Shaidar da ta fi kusa da mu tana cikin aljihu. Direban da ya ɗauko shinkafa daga Haɗeja ya buɗe taswirar wayarsa, ɗigon da ke nuna masa inda yake ya dogara ne da saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da ke shawagi a tsayin kusan kilomita 20,200. Wayar tana gane wurinta ne ta hanyar auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso. Agogunan da ke can sama suna ƙara sauri da kusan kashi 45 cikin miliyan na sakan kowace rana saboda nisansu da ƙasa, gudun da suke yi kuma yana rage musu kusan kashi 7, saura 38. A cikin wannan ɗan lokaci haske yana cin fiye da kilomita 10. Saboda haka tun a ƙasa ake saita agogunan su ɗan rage sauri kafin a harba su.

Husufin da aka auna a maƙwabta

Waɗanda suke Gusau ko Katsina ranar 29 ga Maris 2006 suna tuna yadda gari ya yi duhu da hantsi sa'ad da wata ya rufe rana ruf. Irin wannan duhu ne ya ba da hujjar farko, kuma ba da nisa da mu ba. Einstein ya ce hasken tauraron da ya gifta gefen rana zai lanƙwashe, har tauraron ya bayyana a ɗan kauce daga mazauninsa. Ya kuma ce kaucewar za ta ninka abin da lissafin Newton zai bayar, domin haske yana da saurin da zai ji lanƙwasar sarari ita ma, ba ta lokaci kaɗai ba. Ba a ganin taurari kusa da rana sai an yi husufi. Don haka Arthur Eddington ya taso daga Ingila ya kafa na'urarsa a tsibirin Principe, a tekun Gini kudu da Nijeriya, domin husufin 29 ga Mayu 1919, wata tawagar kuma ta tafi Sobral a Birazil. Da safe aka tafka ruwa a tsibirin, hadari bai fara washewa ba sai dab da lokacin. Ya ɗauki hotuna 16 ta cikin gajimare, biyu ne kawai suka nuna taurarin da za a iya aunawa. Sakamakon ya goyi bayan Einstein. Gaskiya ne ma'aunin na 1919 ba shi da tsafta sosai, an kuma daɗe ana muhawara a kansa, amma an maimaita gwajin da na'urorin rediyo masu kaifi nesa ba kusa ba, amsar ba ta canza ba.

Inda babu komowa

Rana da duk girmanta ɗan lanƙwasa kaɗan take yi. Tambayar da ta biyo baya ita ce, me zai faru idan aka cusa nauyi mai yawa a wuri ƙanƙane? Wani Bajamushe, Karl Schwarzschild, ya fitar da lissafin a 1916 yana bakin aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da za a matse rana har tsakiyarta zuwa bakinta ya zama kilomita 3, ko a matse duniyarmu ta koma milimita 9, da ko haske ba zai iya fita daga cikinsu ba. Babu mai matse rana haka, amma tauraron da ya ninka ta sau da yawa, idan makamashinsa ya ƙare, nauyinsa da kansa yake rufta shi.

Masunta za su fi kowa saurin gane yadda bakin ramin yake. A ɗauka mutum yana tuƙa kwale-kwale a inda kogi ke ƙara gudu yayin da ya tunkari wata mazurara. Daga nesa, in ya ga dama ya juya ya koma. Da ya matsa, sai ya ƙara ƙarfin tuƙi. Akwai wani layi a kan ruwan inda gudun kogin ya yi daidai da iyakar ƙarfin damtsensa. Babu alama a wurin, ruwan bai canza launi ba, kuma ba zai ji komai ba sa'ad da ya haye. Amma daga nan ko da ya juya goshin jirgin ya yi tuƙi iya ƙarfinsa, gaba zai ci gaba da yi. A baƙin rami sararin ne kansa yake matsayin kogin, haske kuma shi ne matuƙin da babu wanda ya fi shi ƙarfi. Bambancin kawai shi ne a can babu gaɓa, babu reshen da za a kama. Kamannin nan ya wuce na baki, domin a 1981 William Unruh na Kanada ya nuna cewa lissafin sauti a cikin ruwa mai gudu ya yi daidai da na haske a bakin baƙin rami, kuma a 2017 masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka yi amfani da ruwa mai juyawa yana zurarewa a cikin babban baho suka ga wani hali da aka daɗe da hasashensa ga ramuka masu juyawa.

Kada a ɗauka baƙin rami yana yawo yana haɗiye duk abin da ke sama. Da za a musanya rana da baƙin rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da zagayenta na shekara yadda ta saba, sai dai duhu da sanyi su kashe mu. Haɗarin na wanda ya matsa kusa ne. Can kuwa jinkirin lokacin da muka auna da kashi cikin miliyan tsakanin Kano da Chadi yana girma ba iyaka. Mai kallo daga nesa zai ga agogon wanda ya tunkari layin yana ta rage tafiya, haskensa yana dusashewa, har ya ɓace masa.

Wa ya gan shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancanta, kuma shekara 50 da suka wuce amsarta ba ta da ƙarfi. Yau akwai shaidu uku da ba su dogara da juna ba. Na farko taurari ne. Tun shekarun 1990 tawagar Reinhard Genzel da ta Andrea Ghez, ɗaya da na'urorin hangen nesa a Chile ɗaya a Hawaii, suke bin taurarin da ke tsakiyar gungun da ranarmu take ciki, nisan tafiyar haske ta kusan shekara 27,000. Wani tauraro da ake kira S2 yana zagaye wani wuri da ba a ganin komai a cikinsa, sau ɗaya duk shekara 16, kuma a 2018 da ya matsa kusa gudunsa ya haura kilomita 7,000 a sakan. Zagayen ya nuna cewa a wurin akwai nauyin rana miliyan 4. Genzel da Ghez sun raba kyautar Nobel ta 2020 da Roger Penrose.

Shaida ta biyu girgiza ce. Einstein ya ce idan manyan abubuwa suka zagaya juna da sauri, saƙar sarari da lokaci za ta kaɗa, kaɗawar ta bazu da saurin haske. An gina na'urori biyu masu suna LIGO a Amurka, tsakaninsu kusan kilomita 3,000. Kowace tana da bututu biyu masu tsawon kilomita 4 da suka haɗu a kusurwa, an zuƙe iskar cikinsu, haske yana kai da komo tsakanin madubai da aka rataye. Ranar 14 ga Satumba 2015 tsawon bututun ya motsa da abin da bai kai faɗin ƙwayar da ke tsakiyar zarra ba, na kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, da farko a Luwiziyana, bayan kashi 7 cikin dubu na sakan kuma a jihar Washinton. Babbar mota ko girgizar ƙasa ba za su zana siffa ɗaya a wurare biyu masu wannan nisa da wannan tazara ba. Siffar ta yi daidai da haɗuwar ramuka biyu, ɗaya nauyin rana 36, ɗaya 29, shekara biliyan 1.3 da suka wuce. Daga lokacin an ji irin wannan haɗuwa sau ɗaruruwa. Wadda aka ji ranar 14 ga Janairu 2025 ta fito tas har aka gwada maganar da Stephen Hawking ya yi a 1971, cewa idan ramuka biyu suka haɗu faɗin bakinsu ba ya raguwa. Kafin haɗuwar jimillar faɗin ta kai kimanin murabba'in kilomita 240,000, bayanta kuma kimanin 400,000. Wato nauyin rana fiye da 60 yana ƙunshe cikin abin da faɗin bakinsa bai kai rabin ƙasar Nijeriya ba.

Shaida ta uku hoto ne. Ranar 10 ga Afrilu 2019 aka nuna wa duniya zoben haske mai duhu a tsakiya, na ramin da ke gungun taurari na M87, mai nauyin rana biliyan 6.5. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka nuna na tsakiyar namu gungun. Masu shakka suna cewa ai kwamfuta ce ta haɗa hoton, kuma haka ne, domin na'urorin rediyo 8 ne a sassan duniya suka kalli wurin lokaci guda a 2017 aka tattara abin da suka ɗauka. Amma ga abin da ya kamata a lura da shi. Masu bin taurari sun riga sun faɗi nauyin ramin gungunmu da nisansa shekaru kafin hoton, kuma daga waɗannan lambobi biyu lissafin Einstein ya riga ya yanke girman da zoben zai kasance. Da hoton ya fito, girman ya dace. A ganina wannan dacewa ta fi hoton kansa nauyi a matsayin hujja.

Afirka ma tana cikin aikin. Na'urar MeerKAT mai faranti 64 a Afirka ta Kudu tana cikin waɗanda ke sauraron wasu matattun taurari masu ƙifta saƙo a kan ƙa'ida, domin gano kaɗawar sarari mai tsawon shekaru, wadda aka fara ba da rahoton alamunta a Yunin 2023. Bayanan da LIGO ta tattara kuwa an sake su a intanet kyauta. Ɗalibin kimiyya a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, in yana da kwamfuta da malamin da zai tsaya masa, zai iya sauke girgizar 2015 ya tace ta da hannunsa, kuma ya kamata malamanmu su riƙa sa ɗalibai yin hakan maimakon haddace sunaye.

Inda lissafin ya tsaya

Duk wannan nasara ba ta nufin an gama. A 1965 Penrose ya tabbatar da cewa, bisa lissafin Einstein, abin da ya rufta ya haye layin nan dole ya kai wani matsayi inda lissafin kansa ya daina ba da amsa mai ma'ana. Yawancin masana suna ɗaukar wannan a matsayin alamar cewa bayanin 1915 yana da iyaka, yadda na 1687 ya kasance da tasa, kuma iyakar tana inda babban nauyi ya haɗu da matuƙar ƙanƙanta. Ƙananan abubuwa kuwa, irin su zarra da ƙwayoyin haske, suna da tasu doka daban wadda har yau ba a sasanta ta da ta Einstein ba. A 1974 Hawking ya haɗa ɓangaren dokokin biyu a bakin baƙin rami, sai lissafi ya nuna masa cewa ramin yana fitar da ɗan ɗumi, yana ramewa a hankali, har wata rana ya ƙare. Idan ya ƙare, ina labarin duk abin da ya faɗa cikinsa ya tafi? Kafin mu tunkari wannan tambaya sai mun san dokar ƙananan abubuwa tukuna, kuma da ita babi na gaba zai fara.